Malam Abdulwahid Ya Je Binciken Asalinmu

Mu mutanen Kwarin Ɗinya muna da wata ɗabi'a da ba mu san muna da ita ba, sai da ta kusa hana ɗana aure. Idan ka tambayi ɗayanmu garinsu, zai ba ka labarinsa kamar yau da safe ya baro shi. Kasuwa tana ci ran Laraba, masallaci yana gabas da rijiya, in ka sauka daga mota ka bi ta gindin kuka. Abin da ba zai tuna ya gaya maka ba shi ne tun 1974 garin yake ƙarƙashin ruwa. An gina dam, aka ce mu tashi, muka tashi. Ba ɓoyewa muke yi ba. Tsakaninmu kowa ya sani, kuma shekara goma ba a taɓa samun baƙon da ya tambaye mu hanya don yana son ya je ba.

Sunana Gali. A can manomi ne ni, ina da fadamar rake wadda kowace shekara take ƙara faɗi a bakina. A nan Kano ina aiki a Sharaɗa, a wani kamfanin takalman roba. Aikina in tsaya a bakin inji da 'yar wuƙa ina yanke robar da ta tsiro a gefen silifa. In ka taɓa sa silifa a shekarun nan ba ta ci maka ƙafa ba, ka sa ni a addu'a. In ta ci, ta masu aikin dare ce.

Ɗana Muntari yana da shekara goma sha huɗu muka taso. Ya koyi aikin lantarki, ya samu wuri a wani kamfanin alewa a Bompai. Wata rana aka kira shi gyaran waya a gidan wani Alhaji Uba a Dakata. Gyaran bai wuce na awa guda ba, amma wata uku yana komawa dubawa. A gidan akwai wata yarinya, Atika, malamar firamare, wadda ita ma bisa ga alama ba ta ƙi wutar gidansu ta riƙa ba da matsala ba.

Da magana ta yi ƙarfi sai na ɗauki mai unguwarmu, Baba Ashafa, muka je gaisuwa. Su Alhaji Uba mutanen cikin birni ne, gidan malamai, kasuwanci ne ya fito da shi Dakata. Ya karɓe mu da mutunci, ya ce maganar 'ya'yan gidan duk tana hannun yayansa, Malam Abdulwahid. Shi wannan tsohon magatakardan kotu ne da ya yi ritaya. Siriri ne, da tabarau, da ɗan littafi a aljihun gaba. Ko gaisuwa ka yi masa sai ka ji kamar za a karanto maka ita wata rana.

"Malam Gali, ku mutanen ina ne?"

"Kwarin Ɗinya, Allah gafarta Malam."

"Ba mu san shi ba. Ta ina ake bi?"

Shekara goma ina jiran wani ya yi mini wannan tambaya. Na gyara zama. Na gaya masa tashar da zai shiga mota, da mararrabar da zai sauka, da kukar da zai gani a hagu. Baba Ashafa ya ce a dama take in kana fuskantar gari. Muka ɗan yi musu, muka daidaita. Na ce daga kukar gangara kawai zai yi, zai ji ƙamshin rake kafin ya ga rufin gidaje. Baba Ashafa ya ce in zai je ya je ran Laraba, ranar kowa yana gari. Malam Abdulwahid yana ta rubutu. Muka fito muna yaba wa kanmu, har Baba Ashafa yana cewa bai taɓa ganin baƙon da ya saurari labarin garinmu da natsuwa haka ba.

Kwana tara bayan nan Muntari ya shigo ɗakinmu na haya a Sharaɗa, ya zauna a bakin ƙofa ko takalmi bai cire ba. Atika ta aiko masa da takarda. Baffanta ya je ran Laraba. Ya sauka a mararraba, ya ga kukar, a dama kamar yadda Baba Ashafa ya ce, ya gangara, hanya ta kai shi ta shige cikin ruwa. Ya tambayi wani masunci ina Kwarin Ɗinya, masuncin ya nuna masa wani tsuntsu da ke shawagi can tsakiya ya ce wajen nan ne, sai dai a ƙasa. Ya dawo gida da laka har idon sawu, ya ce a bar maganar.

Uwarsa Ma'u ta ajiye faifan da ke hannunta ta dube ni.

"Malam, ce masa ka yi kasuwa tana ci ran Laraba?"

"To ba ran Laraba take ci ba?"

"Su wa ke zuwa, tarwaɗa?"

Abin da ya fi damuna shi ne Muntari bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Baba, ni ko hanyar ma na fara mantawa, amma ita za ta hana ni aure." Ya tashi ya fita.

Washegari da na tashi daga aiki na shiga bas biyu zuwa Dakata. Na tarar da Malam Abdulwahid a zaure. Bai kore ni ba, bai kuma turo mini buzu ba.

"Ba mu ce kun yi don mugunta ba," in ji shi. "Amma mu aka ɗora wa bincike. A gidanmu kafin a ba mutum 'ya sai an je garinsu, an ga mai unguwa, an ga liman, an ga maƙwabcin da katangarsa ke jingine da tasa. Haka aka yi wa duk wanda ya auri 'yar gidan nan. Yanzu wa za mu tambaya? An ce gwamnati ta ba ku wani wuri."

"Ta ba mu, Allah gafarta. Tudun tsakuwa ne. Mun haƙa rijiya gaba ashirin ba mu ga ruwa ba, ga shi kuma ruwa ne ya kore mu. Damina biyu muka yi, gero bai wuce gwiwa ba. Yanzu ba kowa a can sai tsofaffi huɗu, biyu daga ciki ba sa ji."

"To ka gani."

"Garin yana nan, Malam. A warwatse yake. In za ku ba ni yini guda zan kai ku ƙofa-ƙofa."

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Ina jin son Atika ne ya ci ƙarfinsa, don an ce tun ranar ba ta cin abinci sosai. Ya ce ran Litinin, da Vesparsa.

Lokacin ana ta rage ma'aikata, ba a neman hutu don maganar aure. Don haka ran Litinin na aika wa foman ɗinmu cewa zazzaɓi ya kwantar da ni. Na sa babbar rigata, na hau bayan Vespa, na riƙe ƙarfen baya don ban ga ta inda zan kama tsohon magatakardan kotu ba.

Muka fara da Bompai. Baba Ashafa maigadi ne a wani sito, yana sanye da kakin da aka ɗinka wa wani mai tsawo. A garinmu mutumin nan ba a wuce ƙofarsa da takalmi. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe." Ina durƙushe wani direban tirela yana ta danna oda yana cewa, "Kai baba, buɗe mana mu wuce." Ya je ya buɗe, ya rufe, ya dawo ya ci gaba da amsa gaisuwata daga inda ya tsaya.

Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya shiga yabo. Ya ce gidanmu ba a taɓa jin kansu ba. Ya ce ubana waliyyi ne, ni kuma na gaje shi. Har ni sai da na ji kunya. Malam Abdulwahid bai ko ciro littafinsa ba.

"Ai kuna cikin waɗanda suka tura mu cikin ruwa," ya ce da Baba Ashafa. "Tambaya ɗaya muke da ita. Wane ne maƙwabcinsa na jikin katanga?"

Na yi tari. Na ƙara yin wani. Baba Ashafa bai taɓa gane tari ba a rayuwarsa.

"Ai Ado ne."

Sai a nan littafin ya fito.

Na ce mu fara zuwa wajen liman tukuna, da fatan kafin nan man Vespa ya ƙare. Muka ratsa gari muka nufi Challawa. Limaminmu, Malam Sanusi, yana wani kamfanin fata, a sashen da ake wanke fatu kafin a jeme su. Tun daga nesa Malam Abdulwahid ya sa hankici a hanci. Maigadin wurin ya ce ba a fita sai an tashi, amma da ya ga furfura ya yarda ya kira shi zuwa jikin waya.

Malam Sanusi ya zo da takalmin roba har gwiwa da safar hannu har gwiwar hannu. Ya ɗaga hannayen ya ce mu yi haƙuri, ba halin musabaha. Ta cikin ramukan waya aka yi bincike. Ya ce shi ya raɗa wa Muntari suna. Ya jero ubana, da kakana, da uban kakana wanda ya fara saran dajin garinmu.

"Ina suke kwance?" in ji Malam Abdulwahid.

"Suna can. Ba a taso da maƙabarta ba." Ya gyara safar hannunsa. "Tun da muka taso na sallaci mutum talatin da ɗaya daga cikinmu, a maƙabarta tara. Babu biyun da ke kusa da juna. Wasu ma sai bayan sati nake ji, in an haɗu a bas."

Wani ya ƙwala masa kira daga ciki. Ya yi mana addu'a a gaggauce, ya juya, takalman suna ƙara.

Malam Abdulwahid ya rubuta layi biyu. A kan hanyar komawa wajen Vespa bai ambaci Ado ba, har na fara sa rai ya manta.

"Liman ba ya faɗin aibin mutum," ya ce da ya hau. "Ina Adon yake?"

To, ga inda matsalar take. Ado a kamfaninmu yake aiki. Ba kamfaninmu kaɗai ba, injina. Ni ina wannan gefe ina yanke ƙafar dama, shi yana wancan yana yanke ta hagu. Shekara bakwai muna fuskantar juna awa takwas kullum, ba abin da ke haɗa mu sai "ina kwana" da "sai gobe". Wanda ya samo mana aikin ɗan garinmu ne, ya ɗauka alheri ya yi da ya haɗa maƙwabta wuri guda.

Muka isa Sharaɗa daidai an busa jiniyar cin abinci. Ado yana gindin dalbejiya a bakin ƙofa, a wajen Yelwa mai shinkafa da wake, ita ma 'yar garinmu ce. Ya ɗago ya gan ni cikin babbar riga.

"A'a, mai zazzaɓi. Sannu da jiki."

Malam Abdulwahid ya yi sallama, ya zauna a benci, ya faɗi ko shi wane ne, ya ce amana ya zo nema, a gaya masa gaskiya tsakani da Allah. Ban taɓa ganin fuskar Ado ta yi haske irin na ranar ba. Ya ture kwanonsa gefe, ya wanke hannu, ya gyara murya.

"Tunda kun ce tsakani da Allah. Mutumin nan surutu gare shi. In ya ari fartanya sai ka aika sau uku. Fadamar raken da yake ba mutane labari, in ka shimfiɗa tabarma huɗu ka rufe ta. Sannan ubansa, Allah ya jiƙansa, ya ci wa ubana iyakar gona taku huɗu, kuma har yau ba su mayar ba."

Na yi niyyar yin shiru. Tun a kan Vespa nake gaya wa kaina, Gali, auren ɗanka ne, ko me ya ce ka haɗiye. Na haɗiye surutu, na haɗiye fartanya, har fadamar na haɗiye da ƙyar.

"Taku huɗun ina?" na ji bakina ya ce. "Iyakar ai daga jikin gawo take."

"Daga jikin dutse take. Ubanka ne ya mirgina shi shekarar da aka yi fari."

"Dutsen da jaki biyu ba sa ja?"

"Ai ubanka ya fi jaki biyu naci."

Kafin in farga na tattare babbar riga na tsuguna ina zana gonakin a ƙasa da cokalin Yelwa. Ado ya cire silifarsa ya ajiye ya ce ga dutse. Na ɗauki murfin kwano na ce ga gawo. Ya matsar da silifa, na mayar da ita. 'Yan garinmu da ke cin abinci a wurin, su biyar, suka taso suka kewaye mu, kowa da ɓangarensa. Wani ya ce rafin ba nan yake ba, ya ja shi da ƙafa zuwa yamma, aka taso masa. Yelwa ta ce tun tana yarinya take kai abinci gonakin nan, kuma dutsen kowane gida ya taɓa mirgina shi, ya danganta da wanda ya riga zuwa bayan ruwan farko. Sauran ma'aikata, mutanen Haɗeja da na Damagaram, suka tsaya suna kallo. Ɗaya ya tambaya ina gonar take, aka ce masa ƙarƙashin dam, ya koma ya ci gaba da cin abincinsa.

Sai a lokacin na tuna da Malam Abdulwahid. Na waiga. Ashe yana tsugune a bayana, ya ɗage tabarau, littafi a kan gwiwa, ya cika shafi uku.

"Tsaya," ya ce da Ado. "Lokacin da aka raba gadon kakanku, wa ya halarta?"

Shekara talatin mutumin nan ya yi yana rubuta shari'ar gonaki, ritaya ta raba shi da ita. Ya tambayi shaidu, ya tambayi wanda ya dasa gawon, aka ce masa ba a dasa gawo, ya rubuta wannan ma. Sai da aka kusa busa jiniyar komawa sannan ya tuna abin da ya kawo shi.

"To yaron fa? Muntari."

Ado ya ɗauki silifarsa ya kakkaɓe ya sa.

"Yaron ba ruwansa. Uwarsa ya biyo." Ya kalli gefe. "Ranar da muka tashi, motar da aka turo ta cika da kaya, tsohuwata ba ta gani, ba ta iya hawa tudu. Ni ina can ina fama da rumbu. Yaron nan ne ya goya ta tun daga ƙofar gida har bakin kuka, ya ajiye ta a inuwa, ya koma ya ɗauko mata butarta. Gidajenmu ko gaisawa ba sa yi a lokacin. Ubansa bai sani ba. Da ya sani da ya hana."

"Da ban hana ba," na ce.

"Da ka hana."

Ban ƙara musu ba, don ban tabbata ba. Kuma gaskiya ne, sai ranar na ji.

Malam Abdulwahid ya rufe littafi, ya sa a aljihu, ya yi mana sallama. Bai ce ya gamsu ba, bai ce bai gamsu ba. Ya tayar da Vespa ya tafi ya bar ni tsugune a gaban gonar ubana da cokali a hannu. Da na ɗago sai ga foman a tsaye a kaina.

"Gali, zazzaɓin ya sauka?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe."

"To shiga ka ƙarasa warkewa a bakin inji."

Haka na yi aikin yamma cikin babbar riga, na naɗe hannuwanta a kafaɗa, Ado yana gabana yana murmushi da kowace silifa.

Kwana huɗu ba labari. Muntari yana zuwa aiki yana dawowa kamar wanda aka zare wa waya. Ran Juma'a bayan masallaci aka aiko in je Dakata. Wannan karon an shimfiɗa mini buzu, har da ruwan sanyi. Alhaji Uba yana gefe, Malam Abdulwahid ya buɗe littafi.

"Mun gaya wa ƙaninmu abin da muka gani," ya ce. "Mun yi bincike da yawa a rayuwarmu. Wanda ba shi da asali ba ya tsugunawa a gaban surukinsa da babbar riga yana rigima a kan taku huɗu. Kuma abin da maƙiyin gida ya faɗa a kan yaro ya ishe mu. Mun ba Muntari Atika. Ku turo a sa rana. Ku duba Lahadin da limaminku ba ya aiki."

Na yi ta godiya. Na fara laluben takalmina, don in kai wa yaron labari kafin ya fita.

"Saura abu ɗaya, Malam Gali." Ya juya shafi. "Wannan ba a tambaye mu ba, amma tunda mun saurara. Bisa ga abin da shaidu suka faɗa, iyakar daga jikin dutse take. Ado ne da gaskiya."

Na ce Allah gafarta Malam, akwai shaidun da ba a ji ba, ɗaya yana Kaduna, ɗaya yana Legas. Ya ce in sun zo biki a kawo masa su.

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Na Kadunan ya zo, na ja shi gefe tun kafin a raba goro, ya ce shi ma dutse ya sani. Na Legas bai samu hutu ba, don haka ni a wajena magana ba ta ƙare ba. Na gaya wa Ado haka ran Litinin ta saman inji. Ya ce ba komai, gonar ba inda za ta, ya miƙo mini wata silifar ƙafar dama da ta ɓata ta faɗo gefensa.